James Honeyman-Scott: Makaɗin jitar da ya sa aka kori abokinsa saboda ƙwaya, bayan kwana biyu ita ta kashe shi

Yau za mu yi nisan kiwo, don labarin namu daga Ingila yake, kuma ya girmi yawancin masu karanta shi.

Masu bibiyar tarihin ƙwallo ba sa manta ranar 16 ga Yunin 1982. A ranar ce Aljeriya ta ba duniya mamaki a gasar cin kofin duniya da aka yi a Sifaniya, ta doke Jamus ta Yamma da ci 2 da 1, Rabah Madjer da Lakhdar Belloumi suka ci mata. A ranar ce kuma Bryan Robson na Ingila ya jefa ƙwallo a ragar Faransa daƙiƙa 27 kacal da take wasa. To, a wannan rana da mutanen Ingila ke ta murna, a wani gida a birnin Landan aka tarar da gawar wani matashi ɗan shekara 25.

Sunansa James Honeyman-Scott, abokansa na kiransa Jimmy. Shi ne makaɗin jitar Pretenders, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin kiɗan rok da suka fi tashe a lokacin. Hodar ibilis ce ta tsayar masa da zuciya. Abin da ya ƙara wa labarin ciwo shi ne, kwana biyu kafin nan yana cikin mutum ukun da suka zauna suka yanke shawarar korar abokinsa, ɗan garinsu, daga ƙungiyar, saboda ƙwaya ta ci ƙarfinsa. Hausawa suka ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ku biyo ni mu ga yadda aka yi aka kai ga haka.

Yaro daga garin shanu

An haifi James ranar 4 ga Nuwamban 1956 a Hereford, wani ƙaramin birni da ke yammacin Ingila, dab da iyakar Wales, a bakin kogin Wye. Gari ne na noma da kiwo. Jajayen shanun nan masu farar fuska da ake kiwonsu a ƙasashe da dama, sunan garin suka ɗauka, kuma yankin ya yi suna da gonakin tuffa. Wato dai ba nan ake zuwa neman tauraron kiɗa ba. Duk wanda ke son a ji shi, sai ya kama hanyar Landan.

Yana ɗan shekara 7 ya fara koyon fiyano, a wajen shekara 10 kuma ya rungumi jita. Ku tuna fa, ba intanet, ba YouTube, ba wanda zai ɗora maka bidiyon yadda ake ɗora yatsa a kan tsirkiya. Faifai za ka sa ka kasa kunne, in wani wuri ya wuce ka, ka ɗaga allura ka mayar baya, ka yi ta maimaitawa har hannunka ya kama. Haka ya yi ta bin kiɗan Eric Clapton da ƙungiyarsa ta Cream, da na Allman Brothers na Amurka. Ya kuma kasance mai son Beach Boys, waɗanda aka sani da daɗin haɗa muryoyi. Wannan son karin waƙa mai daɗin ji shi ne ya zama jarinsa daga baya.

A tsakiyar shekarun 1970 ya yi kiɗa a ƙananan ƙungiyoyi, ciki har da wata mai suna Cheeks. Jagoranta Verden Allen ne, tsohon ɗan ƙungiyar Mott the Hoople, mai kiɗa musu ganguna kuwa wani ɗan Hereford ne mai suna Martin Chambers. Ku riƙe sunan nan, zai dawo. Cheeks ba ta kai ko'ina ba. Zuwa 1978, Jimmy yana da shekara 21, yana zaune a garinsu yana sayar da jita a wani kanti, yana kuma noman kayan lambu. In da a nan labarin ya tsaya, da yau ba wanda ya san shi.

Wane irin kiɗa ne ake kira sabon yayi?

Kafin mu ci gaba, bari mu ɗan fahimci yanayin da ake ciki. A farkon shekarun 1970 kiɗan rok ya zama na manya masu kuɗi: waƙa ɗaya sai ta kai minti goma ko fiye, makaɗi ya yi ta nuna gwaninta shi kaɗai, mutane suna kallonsa daga nesa a manyan filaye. Wajen 1976 sai matasan Landan da New York suka yi bore. Suka fito da salon da ake kira fank, wanda Turawa ke rubutawa punk: waƙa gajera, mai sauri, mai hayaniya, cike da fushi, kuma ba sai ka ƙware ba kafin ka hau dandamali. Sex Pistols da The Clash a Ingila, da Ramones a Amurka, su ne kan gaba.

Fushin yana da dalili. Tattalin arzikin Birtaniya ya shiga wani hali, ga tsadar kaya, ga yajin aiki, ga rashin aikin yi. A Mayun 1979 Margaret Thatcher ta hau mulki, kuma zuwa farkon 1982 marasa aikin yi a ƙasar sun haura miliyan 3.

Amma ihu kaɗai ba ya daɗewa a kunne. Daga cikin wannan guguwa sai wasu suka ɗauki kuzarin fank da gajartarsa, suka haɗa da karin waƙa mai daɗi da iya kiɗa. Shi ne aka laƙaba wa suna new wave, a Hausance mu ce sabon yayi. Blondie, Talking Heads, The Police, The Cars da Elvis Costello duk a wannan layi ake sa su. Jimmy bai taɓa son fank ba, yana ganin hayaniya ce kawai. Amma da ya ji waƙoƙin Nick Lowe da Elvis Costello a rediyo, ya gane cewa an zo wajen da yake so.

Kiran waya daga Landan

A can Landan akwai wata Ba'amurkiya mai suna Chrissie Hynde. An haife ta a 1951 a garin Akron na jihar Ohio. Tana ɗaliba a jami'ar Kent State lokacin da dakarun tsaron jihar suka harbe ɗalibai 4 a lokacin wata zanga-zanga a watan Mayun 1970. A 1973 ta tattara ta koma Landan. Ta yi rubutu a jaridar kiɗa ta NME, ta yi aiki a kantin tufafi na Malcolm McLaren da Vivienne Westwood, inda Sex Pistols suka samo asali. Abokanta duk sun kafa ƙungiyoyi sun yi suna tana gani, ita kuwa shekara biyar tana ta buga-buga, ga waƙoƙi ta rubuta, ga murya, amma ba ta samu makaɗan da suka dace da ita ba.

A 1978 wani mai kamfanin faifai, Dave Hill na Real Records, ya ji waƙoƙinta ya tsaya mata. Ta samu mai kaɗa jitar bes, wato jita mai kaurin sauti da ke riƙe gindin kiɗa. Sunansa Pete Farndon, shi ma ɗan Hereford, bai daɗe da dawowa daga Ostireliya ba, inda ya yi kiɗa da wata ƙungiya mai suna Bushwackers. Da ake neman wanda zai riƙe babbar jita, Pete ya tuna da ɗan garinsu, ya ɗaga waya ya kira Jimmy.

Wannan wurin yana da muhimmanci: Pete ne ya buɗe wa Jimmy ƙofa.

Jimmy ya zo, suka ɗauki waƙoƙin gwaji, ya koma Hereford abinsa, don bai gamsu cewa tafiyarsu za ta zo ɗaya da wannan mata mai zafin kai ba. Chrissie kuwa da ta saurari abin da aka ɗauka, ta san ta samu mutuminta. Ta kuma san lagonsa. Ta nemi Nick Lowe, wanda Jimmy ke matuƙar girmamawa, ya amince zai shirya musu waƙarsu ta farko. Jin haka ke da wuya, Jimmy ya haɗa kayansa ya taho Landan.

Waƙar ita ce Stop Your Sobbing, tsohuwar waƙar ƙungiyar Kinks ta 1964 da suka sabunta. Ta fito a Janairun 1979, ta shiga jerin waƙoƙi 40 da suka fi kasuwa a Birtaniya. Bayan an ɗauke ta ne suka canja mai ganguna, suka lalubo Martin Chambers, wanda a lokacin yake koyar da tuƙin mota a Landan. Ƙungiya ta cika ke nan: Ba'amurkiya ɗaya da samari uku 'yan garin shanu.

Gwanin da ba ya cika kiɗa

Me ya sa har yau makaɗan jita ke ambaton mutumin da bai wuce shekara huɗu a idon duniya ba?

Chrissie ita ma tana kaɗa jita, amma nata kiɗan mai kaushi ne, kuma ba ta bin ƙidayar da aka saba. Yawancin waƙoƙin rok a kan bugu hurhuɗu suke tafiya. Ita kuwa a wasu waƙoƙinta, kamar Tattooed Love Boys, sai ta rage bugu ɗaya a inda ba a zata ba, makaɗi ya rikice. Jimmy da kansa ya sha faɗa cewa da farko ƙidayar tata ta ba shi wahala. Maimakon ya tilasta mata ta daidaita, sai ya koyi jira. Ya bar ta ta wuce, sannan ya shigo da 'yan sautuka kaɗan masu zaƙi a gurbin da ta bari. Kaushinta da taushinsa suka haɗu, sai aka samu wani sauti da ba na kowa ba ne sai nasu.

Yana amfani da wata 'yar na'ura da ake takawa da ƙafa, wadda ke sa jita ɗaya ta fito kamar biyu ake kaɗawa tare, sautin ya riƙa ƙyalli kamar ƙararrawa. An kuma san shi da jitocin Zemaitis, masu fuskar ƙarfe da aka yi wa zane, waɗanda wani gwani a Ingila ke ƙerawa da hannu. Amma ba a kayan aiki sirrin yake ba. Sirrinsa shi ne sanin inda zai tsaya.

Ku nemi waƙarsu ta biyu, Kid, wadda ta fito a tsakiyar 1979. A tsakiyarta akwai wurin da murya ke yin shiru, jita ta karɓa. Bai fi 'yan daƙiƙoƙi ba, kuma ba gudun yatsu a ciki. Amma in ka ji sau biyu za ka iya rera shi da baki, kamar wata ƙaramar waƙa ce a cikin waƙa. Johnny Marr, wanda daga baya ya zama makaɗin ƙungiyar The Smiths kuma ake sa shi cikin manyan gwanayen jita na Birtaniya, ya bayyana cewa ya yi shekaru yana ɗumama hannunsa da wannan ɗan guntun kiɗa kafin ya hau dandamali.

Mu da muka taso da jin waƙoƙin Shata mun san wannan. Sunan mawaƙi ake kira, amma cire masu kalangu ka ji abin da zai rage. Makaɗin kirki ya san cewa aikinsa ya ɗaga waƙa, ba ya danne ta ba. Jimmy yana da hannun da zai iya cika ko'ina da kiɗa, ya zaɓi ya rage.

Daga kantin jita zuwa lamba ɗaya

Ba kaɗawa kawai yake yi ba, har da tsara waƙa. Wata rana yana wasa da wani ɗan salo a jitarsa, Chrissie ta ji, ta ɗauka ta ɗora masa baituka. Haka aka haifi Brass in Pocket, wadda sunayensu biyu ke kanta a matsayin marubuta. A bakin mutanen arewacin Ingila, kalmar farko ta sunan tana nufin kuɗi, wato kuɗi a aljihu. Abin dariya, ita Chrissie ba ta son waƙar, har ta yi adawa da a fitar da ita. Mai shirya musu faifai, Chris Thomas, ya ga abin da ba ta gani ba.

An fitar da ita a Nuwamban 1979. A Janairun 1980 ta hau lamba ɗaya a Birtaniya, ta sauke waƙar Pink Floyd da ke kai, ta yi mako biyu a wurin. A Amurka ta kai lamba 14. A cikin watan dai kundinsu na farko, mai suna Pretenders, shi ma ya hau lamba ɗaya a Birtaniya, ya kuma shiga goman farko a Amurka. A kundin akwai wani kiɗa zalla ba murya mai suna Space Invader, wanda Jimmy da Pete suka tsara tare. Ita ma mawaƙiya Grace Jones ta ɗauki waƙarsu Private Life ta sake rerawa a 1980.

Tun kafin nan, a ƙarshen Disamban 1979, an yi wani babban taron kiɗa a zauren Hammersmith Odeon na Landan don tara wa mutanen Kambodiya agaji bayan ta'asar Khmer Rouge. Pretenders sun yi wasa, kuma Jimmy ya hau dandamali cikin gungun makaɗan da Paul McCartney na Beatles ya haɗa. Ku duba fa: wanda shekara ɗaya da rabi da ta wuce yake ban ruwa a lambu, ga shi tsaye da mutanen da ya taso yana sauraren faifansu.

Daga nan abin ya ci gaba da hawa. An sa su takarar kyautar Grammy ta sabbin taurari a 1981. Da tashar MTV ta fara aiki ranar 1 ga Agustan 1981, bidiyon Brass in Pocket na cikin na farko-farko da ta nuna. A watan Afrilun shekarar Jimmy ya auri wata Ba'amurkiya, Peggy Sue Fender. A Agusta kundi na biyu, Pretenders II, ya fito, da waƙoƙi irin su Talk of the Town da Message of Love, da kuma Day After Day wadda shi da Chrissie suka rubuta.

Abin da kyamara ba ta ɗauka

A hoto komai lafiya. A bayan fage kuwa ɓaraka ta fara.

Rayuwar yawon wasa ba hutu ba ce. Yau wannan gari, gobe wancan, barci a mota ko a otal, kowane dare sai ka fito da kuzari ko kana da shi ko ba ka da shi. A harkar rok ta wancan zamani, giya da ƙwaya sun zama kamar kayan aiki: wannan don a farka, wancan don a kwanta. Ba wanda ke kallon abin a matsayin ciwo, burgewa ma ake ɗaukarsa. Pretenders ba su tsira ba, kuma ita kanta Chrissie ba ta ɓoye hakan ba a littafin tarihin rayuwarta mai suna Reckless da ta fitar a 2015.

Pete ne ya fi nitsewa. Sun taɓa soyayya da Chrissie, abin ya watse, amma dole su ci gaba da aiki tare kullum. Ya faɗa wa hiroyin, ƙwayar da ke kama jiki da wuri ta mayar da mutum bawanta. Halinsa ya canja, kiɗansa ya ja baya, zama da shi ya yi wuya. Bayan doguwar tafiyar da ta kai su har Japan da Ostireliya a farkon 1982, haƙurin sauran ya ƙare. An ruwaito cewa Jimmy ne ya fi tsanantawa, har ya nuna cewa in Pete bai tafi ba, shi zai tafi.

Sai dai shi ma Jimmy ba tsarkakakke ba ne. Yana sha, yana kuma amfani da masu sa kuzari, ciki har da hodar ibilis. Bambancin kawai, nasa bai hana shi aiki ba. Yana zuwa a kan lokaci, hannunsa bai mutu ba, raha da barkwancinsa suna nan. A idon mutane, wataƙila har a idonsa, Pete ne mai matsala, shi kuwa yana iya riƙe kansa.

A watannin Mayu da Yunin 1982 yana birnin Austin na jihar Texas tare da matarsa, yana taya wani mawaƙin garin, Stephen Doster, aikin faifai. Daga can aka kira shi Landan. Ranar 14 ga Yuni, ranar da sojojin Ajantina suka miƙa wuya a yaƙin tsibiran Falkland, shi da Chrissie da Martin suka zauna, aka sallami Pete Farndon. Mutumin da ya ɗaga waya ya kira shi daga kantin jita, shi aka nuna wa ƙofa.

Ranar 16 ga Yuni aka tarar da Jimmy ya mutu a gidan wata ƙawarsa. Binciken likitoci ya nuna zuciyarsa ce ta tsaya saboda jikinsa ya kasa ɗaukar hodar ibilis. An kai shi gida, aka binne shi a maƙabartar wani coci a ƙauyen Pipe and Lyde, kusa da Hereford.

Me hodar ke yi wa zuciya?

Da yawa suna zaton ƙwaya sai ta fara lalata mutum a zahiri, ya rame, ya yi datti, ya fara sambatu, sannan ta kashe shi. Ba haka abin yake ba kullum. Hodar ibilis tana sa zuciya bugawa da sauri, tana hawar da jini, a lokaci guda kuma tana matse jijiyoyin da ke kai wa ita zuciyar jini. Kamar ka taka totur ne har ƙasa, alhali ka toshe bututun mai. Tana kuma iya rikita tsarin bugun zuciya ta tsaya farat ɗaya. Wannan na iya samun matashi mai jini a jika, ko da ya saba sha, ko da ranar ce ya fara. In aka haɗa ta da giya, hanta na sarrafa su su zama wani sinadari da ke daɗewa a jiki, ya ƙara wa zuciya nauyi.

Wato wanda ake ganin yana riƙe da kansa yana iya riga wanda kowa ya yanke wa ƙauna tafiya. Haka ta faru a nan. Pete ma bai daɗe ba. Ranar 14 ga Afrilun 1983, wata goma cif da korarsa, matarsa ta tarar da shi a bahon wanka, ya sha hiroyin ya suma ya nitse. Shekararsa 30. Cikin ƙasa da shekara guda, rabin ƙungiyar ya shiga ƙasa.

Bayan tafiyarsa

Chrissie tana da juna biyu lokacin da abin ya faru. Ita da Martin suka yanke shawarar ci gaba. Bayan 'yan makonni suka shiga sitidiyo da makaɗan aro, Billy Bremner a jita da Tony Butler a bes, suka ɗauki Back on the Chain Gang, waƙar da aka fara aikinta tun Jimmy na raye, aka kuma sadaukar masa da ita. Ta kai lamba 5 a Amurka, matsayin da babu wata waƙarsu da ta wuce shi a can. A ƙarshen 1983 suka fitar da 2000 Miles. Turawa na sa ta duk lokacin Kirsimeti, da yawa suna ɗauka waƙar masoya ce da nisa ya raba, alhali Jimmy ake wa kewa.

Wanda ya gaje shi, Robbie McIntosh, shi Jimmy ne ya ba da sunansa tun yana raye, don yana son a ƙara makaɗi a ƙungiyar. A 1987 Johnny Marr, yaron nan da ya koyi hannu da kiɗan Kid, ya shiga Pretenders na ɗan lokaci, ya tsaya a inda gwaninsa ya taɓa tsayawa. A 2005 aka shigar da ƙungiyar zauren karrama gwarazan rok na Amurka, kuma sunayen Jimmy da Pete na cikin waɗanda aka karrama. Chrissie ta sha nanata cewa sautin da aka san Pretenders da shi na Jimmy ne, kuma duk makaɗan da suka biyo baya a kan sawunsa suke tafiya.

Kundi biyu da 'yan waƙoƙi, shi ke nan abin da ya bari. Sa'o'insa irin su Martin Chambers sun ga tsufa, sun yi ta kiɗa shekaru arba'in bayansa.

Ina ruwanmu da wannan labari?

Wani zai ce to, Bature ya sha hoda ya mutu tun kafin a haife mu, mu ina ruwanmu? Ruwanmu a nan shi ne, irin lissafin da Jimmy ya yi, shi ake yi a majalisunmu kullum. Mai shan wiwi yana ganin ya fi mai shan kodin. Mai kodin yana cewa ai shi bai kai mai tiramol ba. Mai haɗiyar ƙwaya don ya jure aikin ƙarfi, ko tuƙin dare, ko karatun jarrabawa, yana cewa shi ba ɗan shaye-shaye ba ne, aiki yake yi. Kowa yana da wani Pete da yake nunawa don ya samu kwanciyar hankali.

Kuma abin ba ƙarami ba ne. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi ya gudanar tare da hukumomin Najeriya ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a ƙasar a 2017. A Mayun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani rahoton BBC ya tona yadda ake safararsa. Doka na iya rufe kanti, amma ba ta iya shiga zuciyar mai cewa nasa daban ne.

Akwai kuma darasi ga masu neman suna a TikTok da sitidiyo. Yawan mabiya ba ya canja yadda jiki ke aiki. Jimmy ya samu duk abin da matashin makaɗi ke mafarki cikin shekara huɗu: lamba ɗaya, kuɗi, aure, girmamawar gwanaye. Zuciyarsa ba ta san da wannan ba.

Ba cewa ake korar Pete kuskure ce ba. Wani lokaci dole a gaya wa aboki gaskiya, ko a ja baya da shi. Amma duk wanda ya tashi yi wa abokinsa faɗa a kan abin da yake sha, ya fara laluba nasa aljihun. In akwai wani abu da kake sha wanda ba za ka iya yin mako guda babu shi ba, kada ka jira sai ka zama abin nuni. Ka samu likita, ko wani babba da ka yarda da shi, ka faɗa masa tun kana kan ƙafafunka. Asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati suna da sashen taimaka wa masu son dainawa, kuma zuwa can ba hauka ba ne.

In kun samu sarari, ku nemi waƙar Kid ku saurari wurin nan da jita ke karɓa. Za ku ji hannun mutumin da ya san daidai inda ya kamata ya tsaya a kiɗa. Allah Ya kare mu da zuri'armu, Ya shirya waɗanda suka faɗa.